Zama da Maigret: Nasiha ga Masu Leƙa Shafin Ƙarshe

'Ya'yana, na lura yawancinku in kun ɗauki littafin binciken kisan kai, abu ɗaya kuke nema a ciki: wa ya yi? Wasunku ma ba sa iya jira. Da an tsinci gawa a babi na ɗaya, sai yatsa ya zarce can ƙarshen littafi, a leƙo sunan mai laifi, a dawo a ci gaba da karatu ba ɗoki, ko a ajiye gaba ɗaya. Ban ga laifinku sosai ba. A zamaninmu, lokacin da littattafan James Hadley Chase da na Pacesetters ke yawo hannu da hannu a makarantun kwana, da gudu ake karatu, domin akwai wanda ke tsaye a kanka yana jiran ka gama ya karɓa. Ku kuma yanzu waya ce ke tsaye a kanku. Amma akwai wani daɗi da mai gudu ba ya samu, shi nake so in kwatanta muku. Daɗi ne na zama da mutum ɗaya na cikin littafi shekara da shekaru, littafi bayan littafi, har ka san takunsa tun bai shigo ba.

Wanda ni na yi irin wannan zama da shi sunansa Jules Maigret, babban jami'in 'yan sandan ciki a birnin Paris, mai ofis a lamba 36 a Quai des Orfèvres, bakin kogin Seine. Ba haifarsa aka yi ba, Georges Simenon ne ya ƙago shi. Shi Simenon ɗan Beljiyam ne, an haife shi a Liège a 1903. Ya fara aikin jarida bai cika shekara 16 ba, kuma cikin ayyukan da aka fara ba shi har da zagaya ofisoshin 'yan sanda yana kwaso labarin waɗanda aka kama jiya da dare. Ya koma Paris a 1922, ya yi shekaru yana zuba ƙananan littattafan kasuwa da sunayen aro don ya samu na abinci. A 1931 littattafan Maigret suka fara fitowa da sunansa na gaskiya, na ƙarshe kuma ya fito a 1972. Tsakanin nan ya rubuta littafi 75 da gajerun labarai 28, duk a kan wannan ƙaton mutum mai faɗin kafaɗa da babbar kwat, wanda lofe ba ya barin bakinsa.

Na san abin da za ku ce. Baba, littafi 75 a kan mutum ɗaya, ai maimaici ne. Ƙwarai kuwa, akwai maimaici, kuma zan zo kansa. Amma bari in fara nuna muku abin da mai leƙa shafin ƙarshe ke asara ko a littafi guda.

Akwai wanda ya fito a 1953, Maigret et l'homme du banc, labarin wani mai zaman benci. An tsinci wani magidanci, Louis Thouret, a wani lungu da ba ya ɓullewa kusa da Boulevard Saint-Martin, an soka masa wuƙa a baya. Aka je Juvisy, can wajen gari, aka ɗauko matarsa ta zo ta ga gawa. Ta duba ta ce mijinta ne, amma takalman nan ba nasa ba ne. Takalma ne masu haske, masu ɗaukar ido, ita kuwa baƙi kaɗai ta san yana sawa, kuma ba za ta taɓa barinsa ya fita da irin waɗannan ba. A nan Maigret ya kama bakin zaren. Ya gano kamfanin da Thouret ke wa aikin tsaron sito ya rufe tun shekara uku da suka wuce, kuma bai taɓa faɗa a gida ba. Kullum da safe ya hau jirgin ƙasa, da yamma ya dawo a kan lokaci, ƙarshen wata ya miƙa kuɗi kamar yadda aka saba. Tsakanin safe da yamma yana da wani ɗaki da ya kama haya a ɓoye. A can yake tuɓe baƙin takalmi ya sa mai haske, har ɗan tsuntsu yake kiwo a keji. Matar kuwa tana da 'yan'uwa mata da ke auren ma'aikatan jirgin ƙasa masu jiran fansho, kuma ba ta gajiya da auna mijinta da su.

Ba zan gaya muku wanda ya soke shi ba, ko inda yake samo kuɗin. Amma ko na faɗa ban rage muku wani abin kirki ba. Sunan mai kisan shi ne abu na farko da ke fita daga kai bayan 'yan shekaru, takalman nan kuwa ba sa fita. Ba sai mutum ya je Paris ba kafin ya san magidancin da aiki ya kuɓuce masa, ya ci gaba da sa riga da hula kowace safiya yana fita, don kada a ji a gida, kada maƙwabta su ji. Abin da Simenon ya ƙara mini a kai shi ne cewa irin wannan mutum, a cikin ƙaryarsa da tsoronsa, yana iya samun shekaru uku da suka fi duk sauran shekarunsa daɗi. Wannan ba ya cikin shafin ƙarshe. Yana warwatse ne a tsakiyar littafi, a bakin tsohon akawun da ya ranta masa kuɗi, da bakin waɗanda suka zauna benci ɗaya da shi.

Wanda ya saba da Sherlock Holmes zai ɗan sha wuya da farko. Holmes zai dubi lakar da ke takalminka ya faɗa maka unguwar da ka fito, kai kuma ka buɗe baki kana mamaki. Maigret ba ya ba ka wannan mamakin. In an tambaye shi abin da yake tunani, yakan ce babu abin da yake tunani, kuma gaskiya ya faɗa. Shiga gidan mamaci yake yi ya zauna a kujerarsa, ya buɗe durowa, ya leƙa madafi, ya tsaya bakin taga ya ga abin da mamacin ke gani kowace safiya. Ya sauko ya zauna da matar da ke gadin ƙofar bene, ya bar ta ta yi ta zuba. Ya koma gidan gobe, ya koma jibi, ba tare da wata sabuwar tambaya ba. A kwanakin nan yakan yi nauyi, ya yi shiru, ya yi ta gunaguni, har yaransa na ofis su riƙa kaucewa hanyarsa. Sai ran nan ka ga ya miƙe ya ɗauki hula, domin ya riga ya san mutanen gidan har ya gane abin da kowannensu zai iya aikatawa in an matsa shi.

Simenon ya ba shi tarihin da ya dace da wannan hali. A ƙauye aka haife shi, Saint-Fiacre, inda mahaifinsa ke riƙe da gandun wani gidan sarauta. Ya fara karatun likita, mahaifin ya rasu, karatu ya tsaya, ya shiga ɗan sanda tun daga ƙasa. Tun yana yaro sana'ar da yake buri babu ita a duniya: wani abu tsakanin likita da malamin addini, mutumin da zai dubi wanda rayuwarsa ta karkace ya gane inda ta karkace, ya mayar da shi gurbinsa. Shi ya sa tambayoyinsa a ofis ba na tsawa ba ne. Yakan kwana da wanda ake tuhuma a ɗaki ɗaya, a aika Brasserie Dauphine a kawo burodi da abin sha a faranti, su ci tare. In mutumin ya gaji ya amsa laifinsa gab da asuba, ba za ka ga Maigret yana murna ba. Gajiya za ka gani, wani lokaci da ɓacin rai, ya sa kwat ya nufi gida.

To, duk wannan a littafi ɗaya ma za ku same shi. Abin da sai a doguwar tafiya ake samu dabam ne, kuma abin da ya fi kama da shi a wurinmu shi ne majalisar ƙofar gida. Wanda ya zo yau zai ji ana hira, ya yi dariya inda aka yi dariya, ya tashi. Wanda ya shekara goma a kan tabarmar nan kuwa, in wane ya yi gyaran murya ya san abin da ke tafe, in wane bai zo ba ya san akwai dalili. Haka za ku san Lucas, na hannun daman Maigret, da Janvier mai iyali, da Torrence ƙato, da Lapointe ƙaramin cikinsu, wanda kunya ke sa fuskarsa ta yi ja. Za ku san Moers, wanda ke can saman bene yana duba ƙura da gashi da tawada. Za ku san murhun ƙarfen da Maigret ya ƙi yarda a fitar masa daga ofis bayan an sa wa ginin duka na'urar ɗumama ɗaki, don kawai yana son ya riƙa tona wuta yana tunani.

Za ku kuma san Lognon, wanda ni na fi tausayi. Sufeto ne na unguwa, ba na babban ofis ba, kullum da mura, matarsa kullum a kwance ba lafiya. Ɗan sanda ne na ƙwarai, yana iya kwana cikin ruwan sama yana gadin ƙofa ɗaya, amma ya riga ya sa a ransa cewa duniya ta haɗa masa kai. Da ya kusa kama bakin zare sai manya daga Quai des Orfèvres su iso, sunan wani ya fito a jarida. Karon farko da kuka gamu da shi dariya za ku yi. Karo na huɗu za ku fara lura da yadda Maigret ke lallaɓa shi, yana zaɓen kalmomi don kada ya ƙara masa ciwo, kuma duk da haka Lognon sai ya ji ciwon. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya zauna ofis ɗaya da Lognon.

Sai Madam Maigret, Louise, 'yar yankin Alsace, a gidansu na lamba 132 a Boulevard Richard-Lenoir. Tana gane takunsa a matakala ta buɗe ƙofa kafin ya laluba makulli. Ba ta tambayarsa aiki, fuskarsa take dubawa ta san ko yau ranar magana ce. 'Yan matan cikinku za su ce wannan ai baiwar Allah ba ta da aiki sai girki da jira, kuma ba zan yi musu da ku ba, Simenon mutumin zamaninsa ne. Amma ku ci gaba da karatu. A wani littafi na 1950 ita ce ta bi sawun wata hula shago-shago ta samo abin da 'yan sanda suka kasa. Sannan can wani wuri, a cikin jimla ɗaya ko biyu, za ku ji cewa sun taɓa haihuwar 'ya mace ba ta rayu ba, ba su kuma sake samu ba. Ba a yi dogon bayani ba, kuma da wuya a sake tayar da maganar. Amma daga ranar, duk sanda Maigret ya tsaya yana kallon yaro a titi, ko ya yi wa Lapointe magana da taushi, za ku ji abin da wanda ya fara karatu yau ba zai ji ba.

Shi ya sa nake roƙonku kada ku fara da L'Affaire Saint-Fiacre, ko da yake tun 1932 ya fito kuma ana yawan yabonsa. A cikinsa wata takarda marar sa hannu ta ce za a aikata laifi a cocin ƙauyen su Maigret lokacin addu'ar asuba. Ya koma garin da ya bari tun yana saurayi, ya zauna a cocin da ya yi wa hidima yana yaro, uwargidan gidan sarautar ta mutu a kujerarta yana kallo. Matar nan ita ce wadda yake hange daga nesa yana ɗan mai riƙon gandu, yana ganin babu kamarta a duniya. Ya tarar an sayar da gonaki ɗaya bayan ɗaya, gida ya lalace, wani ne zaune a ofishin mahaifinsa. A littafin nan kusan bai yi komai ba, wani ne ma ya warware maganar a wurin cin abincin dare, shi yana zaune. Baƙon karatu zai ce wannan wane irin ɗan sanda ne. Wanda ya san shi a Paris, inda kowa ke miƙewa in ya shigo, shi zai gane cewa ƙaton nan ya koma yaro ne, ƙafafunsa sun yi nauyi.

Yanzu maganar maimaici. Simenon da sauri yake rubutu. Yakan rubuta sunayen mutanen labari da shekarunsu da adireshinsu a bayan wata ambulan, likita ya duba shi, ya rufe ƙofa, ya yi babi ɗaya kowace safiya a tafireta. Cikin kwana bakwai zuwa goma sha ɗaya littafi ya kammala. Mai irin wannan gudu dole ya riƙa komawa kan abin da ya saba: ruwan sama a tagar ofis, ƙamshin miyar Madam Maigret, cin abincin wata-wata a gidan abokinsa Dakta Pardon. Wasu littattafan, musamman na ƙarshe-ƙarshe, ba su da ƙarfi, kuna karantawa kuna jin marubucin ya gaji. In kuka jera goma kuka haɗiye a mako biyu, kamar yadda kuke yi wa finafinai masu dogon zango a waya, maimaicin nan zai gundure ku, ku ce duk abu ɗaya ne. Ku karanta ɗaya, ku bar shi ya kwana biyu a ranku, ku karanta wani abu dabam, ku yi harkokinku. Bayan wata ɗaya ko biyu ku ɗauki wani. A lokacin ruwan saman nan da murhun nan ba za su zame muku maimaici ba, za ku ji kun dawo inda kuka sani ne. Littattafan gajeru ne, yawanci ba su kai shafi 200 ba, ba kuma inda za su gudu.

Kada kuma ku wahalar da kanku wai sai kun bi su a jere. Shi kansa marubucin bai bi ba. A 1934 ya yi wa Maigret ritaya, ya tura shi ƙauyen Meung-sur-Loire yana kamun kifi, da niyyar ya rabu da shi ya koma rubutun da yake ganin ya fi daraja. A 1942 ya dawo da shi ofis kamar ba a yi komai ba. Labarin bincikensa na farko, wanda ya faru a 1913, sai a 1949 ya fito. Duk wanda ya faɗo hannunku, shi ne na gaba.

Akwai abubuwan da zan ja muku kunne a kai, don kada ku ce Baba bai faɗa ba. Maigret mashayi ne. Da wuya ya wuce mashaya bai leƙa ba, kuma littafin ba ya ganin haka a matsayin aibi, al'adar wurinsu ce. Ku karanta a matsayin labarin wasu mutane, ba darasi ba. A littattafan farko na shekarun 1930 kuma za ku ci karo da kalmomin raini a kan Yahudawa da baƙin da suka zo daga gabashin Turai. Kada ku yi kamar ba ku gani ba, kada kuma ku ɗauka. Mu da aka yi wa irin wannan siffantawa a littattafan Turawa ya kamata mu fi kowa saurin gane ta in an yi wa wani. Sannan kada son Maigret ya sa ku ɗauka Simenon haka yake. Maigret mace ɗaya ya sani, gida ɗaya, hanya ɗaya. Simenon da bakinsa ya riƙa alfahari da yawan matan da ya bi. Lokacin da Jamus ta mamaye Faransa ya sayar da izinin wasu littattafansa ga kamfanin fim na Continental, wanda ke hannun Jamusawa, abin da ya jawo masa tuhuma bayan yaƙi. A 1945 ya ƙetare teku, ya yi shekara goma a can, yawanci a Amurka. Labarin Thouret da takalmansa ma a jihar Connecticut ya rubuta shi, Paris ɗin da ke ciki daga ƙwaƙwalwa ya ɗebo ta. Na daɗe ina ganin kamar ya ƙagi Maigret ne don ya ajiye masa natsuwar da shi ya kasa riƙewa.

Wani abu kuma da ba ku saba gani a irin waɗannan littattafai ba: Maigret yana shakka, yana kuma faɗuwa. A La Tête d'un homme, na 1931, shi da kansa ya kama wani ɗan aike, Joseph Heurtin, da laifin kashe wata attajira Ba'amurkiya da 'yar aikinta. Shaida ta cika, kotu ta yanke hukuncin kisa. Amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya, domin bai ga dalilin da zai sa wannan yaro ya yi wannan aiki ba. Ya sa aikinsa a caca, ya shawo kan manya aka bar yaron ya tsere daga kurkukun Santé don a bi sawunsa. Wannan ya ƙare da sauƙi in an gwada shi da Une confidence de Maigret, na 1959. A can yana zaune a gidan Dakta Pardon yake ba da labarin wani Adrien Josset da aka tuhuma da kashe matarsa. Jaridu sun riga sun yanke masa hukunci, jama'a sun tsane shi saboda yana neman wata yarinya a waje, alƙali mai bincike, Coméliau, wanda ba su taɓa jituwa da Maigret ba, ya karɓe maganar da wuri. Aka fille wa Josset kai, domin Faransa ba ta soke hukuncin kisa ba sai a 1981. Har littafin ya ƙare Maigret bai san ko shi ya yi ba, mai karatu ma bai sani ba. Wanda ya leƙa shafin ƙarshe a wannan, ba abin da zai tarar.

Ina tuna Josset duk sanda na ga an ɗora hoton wani a waya da safe, kafin azahar dubban mutane sun gama shari'a sun yanke hukunci, ba wanda ya san ko sunan unguwarsu. Kada dai ku fahimce ni a karkace. Fahimtar mutum ba wanke shi ba ce. Maigret yana zama da mai kisa, ya ba shi taba, ya saurari yadda aka wulaƙanta shi tun yana yaro, sannan ya miƙa shi ga alƙali. Sau ɗai-ɗai ne ya kau da kai ya bar wani ya tafi, kuma ko a nan ba kullum nake yarda da shi ba. Abin da ba ya yi shi ne ya yanke kafin ya zauna.

Wasunku za su ce ai akwai fim. Akwai, da yawa. Jean Gabin ya fito a Maigret, Bruno Cremer ya yi shi a talabijin ɗin Faransa daga 1991 zuwa 2005, kuma Rowan Atkinson, wanda kuka sani da Mr Bean, ya yi shi a 2016 da 2017 ba tare da ya ba kowa dariya ba. Ku kalla in kuna so, amma bayan kun karanta kaɗan, don in fuskar ɗan wasa ta riga shiga kanku ba ta fita. Ku na Maradi da Damagaram da Yamai kun fi mu sa'a, za ku karanta shi a Faransancin da aka rubuta shi, kuma Faransanci ne mai sauƙi. Tun yana saurayi marubuciya Colette, wadda ke tace gajerun labarai a jaridar Le Matin, ta riƙa mayar masa da rubutunsa tana ce masa ya cire ƙawa. Ya ji maganar har ƙarshen rayuwarsa. Masu sha'awar rubutu a cikinku su riƙe wannan. Masu Ingilishi kuma, kamfanin Penguin ya sake fassara duka 75 ɗin tsakanin 2013 da 2020. In an ara muku, ku mayar. In kun riga aboki gamawa, ku kama bakinku, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Kada ku ɓoye na ƙarshe kuna jiran wata babbar sallama, babu ita. Conan Doyle ya jefa nasa Holmes a kwazazzabo a 1893, masu karatu suka matsa har ya dawo da shi. Agatha Christie ta kashe nata mai binciken, Poirot, a littafin da ya fito a 1975, har jaridar New York Times ta buga ta'aziyyarsa a shafin farko. Maigret bai samu ko ɗaya ba. A Maigret et Monsieur Charles an yi masa tayin shugabancin dukan 'yan sandan ciki, ya ƙi, domin ba ya son kujerar da za ta raba shi da titi, ya ci gaba da binciken da ke gabansa. Simenon bai san shi ne na ƙarshe ba. A watan Satumba na 1972 ya zauna zai tsara wani sabon littafi, abin ya ƙi zuwa, ya ajiye, bai sake rubuta ƙagaggen labari ba har ya rasu a Lausanne a 1989.

In kuna neman wanda za ku ajiye sai can gaba, ku ajiye Les Mémoires de Maigret, na 1951. A cikinsa Maigret ne ya karɓi alƙalami yana ba da labarin yadda wani yaro mai rawar kai, wai shi Sim, wato Simenon kansa, ya zo ofishinsu yana leƙe-leƙe, ya tafi ya mayar da shi littafi ba da izininsa ba. Ya yi ta ƙorafi: an ƙara masa ƙiba, an rikita masa shekaru, an sa shi shi kaɗai yana aikin da mutum hamsin suka yi. Can ƙarshe Madam Maigret ma ta kawo nata gyare-gyaren. Wanda ya karanta biyu ko uku ba zai ga abin dariya a ciki ba. Ku bari sai kun wuce ashirin.